Kyamara Mai Rawayan Maratayi

Ranar Talata ce, bayan bikin Ista da kwana biyu. Ina tsaye a layin fiɗar kifi, hannuna duk jini da ɓawo, shugabarmu ta leƙo ta ce, "Profira, ana nemanki a ƙofa."

Na fita ko safar hannu ban cire ba.

Nea Gherasim ne, dattijon da ke shugabantar ƙungiyar masu ɗaukar hoto ta nan garinmu Tulcea. Nea haka muke kiran dattijo, kamar a ce Baba. Shekara shida na san shi, ban taɓa ganin wuyansa babu kyamara ba sai ranar. Hularsa na hannunsa, yana ta murza ta.

"'Yata..."

"Tavi ne?"

Ya gyaɗa kai.

"Ruwa?"

"Ruwa. Da safen nan. Sun fita da Efim mai kwalekwale, wai zai ɗauki hoton kwasakwasa suna tashi. Iska ta juya su a bakin tafki, ya faɗa."

"Ai ya iya iyo!"

"Ya iya. Efim ya ce da ya taso, gefen kwalekwalen na nan dab da shi. Maimakon ya kama, sai ya ɗaga kyamarar sama da hannu biyu, ya cilla masa ita. Wai, 'Cafe, Efim! Garanti ba ya biyan ruwa!' Efim ya cafe. Kafin ya ajiye ya miƙa hannu... ruwan Afrilu ne, 'yata. Da rigar sanyi, da takalman roba."

Na tambaye shi abu guda. "Wace kyamarar? Tsohuwar ko sabuwar?"

"Sabuwar. Ko ɗigo bai taɓa ta ba."

Na ce na gode. Na koma layi na ɗauki wuƙata. Ban yi kuka ba, domin a sanina mutumin da nake so ya mutu ne yana ceton kyautar da ya saya wa wata mace.

Bari in koma baya. Ni ba mai karatu ba ce, aji shida na tsaya, abin da na tuna shi zan rubuta.

Ban da aikin kifi, nakan share zauren da ƙungiyar ke taro duk Alhamis da yamma. Su kusan ashirin ne, akwai likitan haƙori, akwai direban bas, akwai masu fansho. Hoto kaɗan suke kallo, musu ne aikinsu. Sun rabu gida biyu saboda kamfanonin kyamara biyu. Sunayen ba sa zama a bakina, ni da maratayi nake gane su: masu jan maratayi da masu rawaya.

"Taku ai ba ta ganin tsuntsu sai ya zauna ya naɗe ƙafa!"

"Taku fa? Bulo ce da gilashi! Shi ya sa wuyanka ya karkace!"

"Ka tambayi Nea Gherasim wata nawa tasa ta yi a wurin gyara."

"Wata biyu, amma sun gyara kyauta! Ku da aka ce muku kun jiƙa ta, alhali a kabad take kwana?"

Tavi, wato Octavian Manolache, malamin lissafi ne a sakandare, kuma shi ne bakin masu ja. Shekara goma sha biyar yana tare da su. Yakan ce ranar da aka gan shi da rawayan maratayi a kira masa Fada, limamin coci, ya kusa tafiya lahira.

Wata Alhamis kowa ya watse ina goge ƙasa, ya dawo neman murfin gilashin kyamararsa. Na miƙa masa, na ce, "Ku dai kun fi son murfi a kan tsuntsu."

Ya yi dariya har da dafa tebur. Ya cire kyamarar ya rataya mini.

"Leƙa nan. Me kika gani?"

Ta taga na hango wata tsohuwa tana ba kare burodi a bakin kogi. Kullum ina ganinta, amma ban taɓa ganinta haka ba, kamar ita kaɗai ta rage a duniya. Na so in ci gaba da kallo, sai hannuna ya gaza. Aikin wuƙa ya cinye mini wuyan hannun dama tun ina budurwa, abu mai nauyi ba ya daɗewa a hannuna.

"Ta yi mini nauyi, malam."

"Tavi sunana."

"Ta yi mini nauyi, Tavi."

Daga nan ne. Shekara biyu muka yi. Yana jirana a ƙofar masana'anta, yana kirana Fira, idan yana son tsokana ya ce 'yar kifina. In ce ya matsa, ina ƙarni. Ya ce, "Ƙarnin nan nake shaƙa in san na iso gida, zuciyata."

Mahaifiyarsa, Madam Aurelia, tsohuwar shugabar makaranta ce. Sau ɗaya ya kai ni gidansu. Ta dubi hannuwana kafin ta dubi fuskata.

"Wane littafi kike karantawa yanzu?"

Na ce babu.

Ta juya wurinsa kamar ba na wurin. "Octavian, ubanka injiniya ne. Ka yi abin da za ka yi, amma sunan gidan nan ba zai je layin kifi ba."

Wadda take so ya aura ita ce Sanda. Mai kantin magani ce, gashinta kullum a gyare, ita ce kuma bakin masu rawaya. Ita da Tavi suna iya awa guda suna musu a kan gilashi, ni ina bayan tsintsiya ban san me suke faɗa ba. Abin yana ci na. Ban taɓa gaya masa ba.

Kusan sati biyu kafin rasuwarsa ya shigo taro da kwali a hammata. Ya ajiye, ya buɗe.

Rawayan maratayi!

Zauren ya kaure.

"Maci amana!"

"A kira Fada!"

"Tavi, wannan 'yar mitsitsiyar? Ai abin wasan yara ce!"

"Ta intanet ka saya? Ka cike takardar garanti kuwa?"

"Na cike tun a gida," ya ce, yana murmushi.

Su a wurinsu takardar garanti ba abin wasa ba ce. Ranar da mutum ya sayi kyamara ranar yake rubuta sunansa, kuma ba ya rubuta na kowa, ko na ɗansa. Sun ce wanda sunansa ke kan takarda shi ne mai kyamara, ko wa ya biya. Suna da wata ƙa'idar kuma. Abin da aka saya ta intanet ana iya mayarwa cikin kwana goma sha huɗu, don haka kafin kwanakin su cika dole a kai sabuwa wurin tsuntsu mai tashi. Wai idan tana da aibu a nan za ta nuna.

Da aka tashi, Sanda ta same ni ina wanke kofuna. Ta tsaya tana gyara janbakinta a madubi.

"Kin ga abin da ya faru yau, ko ba ki gane ba?"

"Ya sayi kyamara."

"Ya dawo ɓangarena, 'yar uwa. Ni ya tambaya wacce ta fi dacewa da hannun mace. Ni na zaɓa. Ranar haihuwata wata mai zuwa ne." Ta rufe jakarta. "Namiji ba ya sauya kamfani bayan shekara goma sha biyar sai don mace. Ki tambayi kowa a zauren nan."

Washegari ya zo ƙofar masana'anta kamar kullum.

"Fira, me ya sami fuskarki?"

"Sanda ce ta zaɓa maka?"

"Ita na tambaya, ai ta fi ni sanin nasu..."

"Ta mace ce?"

Kunnuwansa suka yi ja. Ya ce, "Ki bari kwana goma sha huɗun nan su cika. Sai na gwada ta tukuna. Ba na ba da abin da ban gwada ba."

"To ka gwada, ka kai mata! Uwarka ta huta!"

"Fira, saurare ni..."

"Kada ka sake tsayawa a ƙofar nan, malam."

Malam na ce masa. Ita ce kalma ta ƙarshe da ya ji daga bakina. Ya kira wayata sau da yawa, ban ɗauka ba. Iska ta yi sati tana kaɗawa a kan kogi, yana jira ta lafa, ba ta lafa ba. Talatar nan ita ce rana ta goma sha huɗu da isowar kwalin. Efim ya ce ya hana shi, ya ce masa, "Yau ce ta ƙarshe, Efim. In tana da matsala gobe ba za su karɓa ba."

A wurin jana'iza na tsaya can baya. Sanda ce ke riƙe da hannun Madam Aurelia.

Ranar addu'ar arba'in ban yi niyyar zuwa ba. Nea Gherasim ya ce babu mai taya tsohuwar aiki, na je don shi. Ina kicin ina zuba dafaffiyar alkamar sadaka a ƙananan kofuna, su suna falo. A irin ranar ake raba kayan mamaci. Aka ba Efim rigarsa, aka ba direban bas tsohuwar kyamarar. Ta ƙofa na ga Madam Aurelia ta ɗauko kwalin.

"Sanda, 'yata, karɓi. Kin ce ke ya saya wa. Ni ba na son ganinta a gidan nan."

Sanda ta karɓa tana share ido. Likitan haƙori, wanda ko a makabarta ba ya barin halinsa, ya ce, "A duba takardar garanti fa. In da sunan marigayi ne sai an rubuta wa kamfani, in ba haka ba ranar da ta lalace ba za su saurare ki ba."

"A bari sai wani lokaci," in ji Sanda da sauri.

"Minti ɗaya ne," Nea Gherasim ya ce. Ya zaro takardar daga ƙasan kwalin, ya sa tabarau. Ya daɗe yana kallo.

"Profira!" ya kira. "Zo nan."

Na fito da cokali a hannu.

"Karanta."

"Nea, ka san karatuna..."

"Wannan za ki iya."

Rubutun Tavi ne, manya-manyan baƙaƙe irin waɗanda yake yi mini in zai bar mini saƙo. Wurin sunan mai kaya ya sa Profira. Kusa da shi ba Cazacu ya sa ba, sunan ubana. Manolache ya sa.

Profira Manolache.

Direban bas ya cire hularsa.

Na ji bakina yana cewa, "Amma ta ce... ta ce ita ce..."

"Ni ban ce ya faɗa mini ba," Sanda ta ce. "Ya tambaye ni wacce ba ta da nauyi, wacce mai ciwon hannu za ta iya riƙewa. Na ɗauka..."

"Hannunki na ciwo ne?" Nea Gherasim ya tambaye ta.

Ta ajiye kwalin a kan tebur, ta ɗauki jakarta ta fita.

Kukan da na riƙe kwana arba'in ya zo gaba ɗaya, a tsakiyar falon matar da ba ta sona. Tawa ce ya ɗaga sama. Tawa ce ya cilla wa Efim. Da na ɗauki waya sau ɗaya, da na ce masa ba na son gwaji, ya kawo ta ko a karye take!

"Tavi... wa ya ce maka ina son kyamara? Wa ya ce maka?"

Madam Aurelia ta karɓi takardar, ta karanta da kanta, ta sake karantawa. Ta shafa rubutun da yatsa. Sannan ta ja kujerar da ke kusa da ita.

"Ajiye cokalin nan," ta ce. "Zauna ki ci. Ba a bar wa suruka kicin ranar arba'in."

Ba mu zama uwa da 'ya ba, ba zan yi ƙarya ba. Amma duk Lahadi ina kai mata kifi, tana karɓa, wani lokaci ta ce in shigo.

Hotunan da ke ciki Nea Gherasim ya nuna mini. Tsuntsaye ne kawai, talatin da wani abu, suna tashi daga ruwa. Ya ce duk sun fito tas, kyamarar ba ta da aibu ko ɗaya.

Shekara bakwai ke nan. Garantin ya ƙare tun tuni. Na daina share zauren, na ji dai har yanzu suna musu. Sun so su koya mini ɗauka, na ƙi. In na danna, hoton ƙarshe da ke ciki ya daina zama nasa.

Ranar da zan tafi da ita gida, Nea Gherasim ya ce mini garin nan da laima, kyamarar da aka kulle a duhu fumfuna ke cin gilashinta daga ciki, kuma ba ya gyaruwa. Maganinsa haske.

Don haka kullum da safe, kafin in tafi aiki, nakan ciro ta daga kwali in cire murfin, in ajiye ta a bakin taga tana kallon kogi. In sa takalmi, in ɗaure gashina. In na gama sai in rufe ta in mayar.