Furen Kabarin Helmi

Rana ta faɗa bayan itatuwan fadama, Reino Kallio yana zaune a bakin ƙofa da kofinsa, sai wani curin baƙar laka ya faɗo a kan rufin kwano. Ya kasa kunne. Wani ya sake faɗowa, jiƙe sharkaf, alhali an daɗe ba a ga ruwan sama ba.

Ya san abin da ya taɓo. Fadamar nan ta kakansa ce tun zuwansu jihar Minnesota ta Amurka, kafin gwamnati ta kafa mata allo ta ce ko ganye kada a tsinka. Shi kuwa ya shiga ya haƙo furen nan mai kama da takalmi, wanda yakan yi shekara da shekaru kafin ya buɗe, ya dasa a kan kabarin matarsa Helmi. Nan da nan furen ya bushe.

Daga jifa abin ya koma kan 'yarsa Sirkka. Ta daina cin abinci. Da almuru sai ta tsaya tana fuskantar fadama, ruwa mai launin shayi yana ɗiga daga gashinta. Likita ya ce gajiya ce.

Aka ɗauko tsohuwa Impi mai ƙaho. Ta hura wuta a ɗakin surace, ta kafa wa yarinyar ƙaho a baya, ta tambayi wanda yake jikinta. Muryar da ta amsa mai kauri ce, ba ta Sirkka ba.

"Furena."

"Ya mutu," in ji Impi. "Faɗi wani abin."

"A toshe lambatun da kakan Reino ya haƙa a fadama. Ya daɗe yana tsotse ni."

Lambatun nan shi yake busar da gonar ciyawar Reino, iyakar abin da ya rage masa. Ya fuskanci muryar ya ce:

"Gwamnati ta ci rabi, kai kuma ka zo ka ƙarasa ni?"

"Ko gonar, ko yarinyar."

Da hannunsa ya toshe. Sirkka ta yi atishawa, ta nemi burodi, ba ta tuna komai ba. Kafin kaka ruwa ya shanye gonar, aka sayar da shanu.

Yanzu Sirkka tana birnin Duluth tana aiki. Duk wanda ya tambaye ta mahaifinta, sai ta ce tsohon ya zautu ne, ya nutsar da gadonta da gangan.