Gudumar da Aka Binne a Siminti

Rana ta gangara, ƙarar zarto ta lafa a tsohuwar ma'aikatar gyaran jiragen ƙasa, wadda Kafinta ya raba biyu: gaba wurin sana'a, baya ɗakunan iyali. Matarsa na kwashe shanya a gefen layin dogon da ya ratsa tsakar gida, sai tsakuwa ta faɗo kan kwanon rufi. Wata ta biyo. Da aka ɗauka, tsakuwar layi ce jiƙe da baƙin mai, alhali an manta rabon wurin da jirgi.

A nan mahaifin Kafinta ya ƙarar da ƙarfinsa, cikin ramin da ake shiga a duba ƙarƙashin jirgi. Kafinta ya tashi yana kishi da wurin nan, don Baba bai taɓa shafa kansa yadda yake shafa jikin inji ba. Ko bayan an rufe ma'aikatar, kowace magariba sai tsohon ya buga guduma a layi, ya ce, "Na tashi, wuri naka ne." Yana rasuwa, Kafinta ya wurga gudumar cikin ramin, ya malale shi da siminti.

Jifa ya ƙi ƙarewa. Can Auta, 'yarsa, ta daina cin abinci. Magariba na yi sai ta durƙusa tana yaƙushin simintin har farcenta ya yi jini.

"Maigida," in ji matar, "yarinyar nan fa tafiya za ta yi."

Aka ɗauko wani dattijon malami. Ya jima yana karatu kafin Auta ta ɗago.

"Me kake nema a jikinta?" Malam ya tambaya.

"Abin da ubanta ya binne." Murya ce ta ƙato, mai tsatsa, muryar aljanin ma'aikatar.

Kafinta ya kasa daurewa. "Bai ishe ka ba? Ka cinye mini uba yana raye!"

"Ni? Abokan aikinsa nan suke kwana, shi kuwa rana na faɗuwa ya gudu, wai yaronsa ba ya barci sai ya ji tarinsa a ƙofa. Yini guda zancenka yake yi mini: ka yi haƙori, ka fara tafiya, ka ƙera kujera. Tun kana goye na tsane ka. A cinyarka ya cika. Gudumar ma sai ka hana ni?"

"In an ba ka, za ka fita, ba dawowa?" in ji Malam.

"Har gidan zan bar muku."

Kafinta ya fasa simintin da kansa. Da ya ɗago gudumar, yatsunsa suka zauna daidai inda na Baba suka cinye ƙotar. Sai ya ji ba ya son rabuwa da ita. Ya ƙanƙame ta a ƙirji, Auta na numfashi sama-sama.

"Ajiye, ɗana," in ji Malam a hankali.

Ya ajiye ta kan layi. Auta ta yi atishawa, ta ce, "Baba, ƙishirwa."

Da ya waiwaya, babu komai a kan layin. Baƙin mai kawai ya rage a tafinsa, ya kuma ƙi wanke hannun.