Koriyar Tuffar Baba Tavita

A kan gwaza suka haɗu, ranar da jirgin ruwan yawon shaƙatawa ya tashi daga birnin Brisbane. Can benen sama, wurin ɗebi-da-kanka da kowa ke kira bufe, guntu ɗaya ya rage a tire yana iyo cikin madarar kwakwa. Losa ta miƙa cokali, wani ma ya miƙa nasa.

"Ni na fara gani," in ji shi.

"To ka ci gaba da gani," ta ce, ta kwashe abinta.

Ya bi farantinta da ido kamar an ƙwace masa gado, har dariya ta kubce mata. Ita kanta sai da ta tsorata da jin muryarta, don rabonta da irin wannan dariya tun kafin rasuwar Mama bara.

Peni sunansa. Dogo ne, mai gyaran lantarki a unguwar Inala, ya biyo abokansa na ƙwallon zari-ruga, daga shi sai gajeren wando da silifa. Iyayensa 'yan tsibirin Samoa ne kamar nata. Kafin ta tashi ya karɓi lambarta, ya kuma raɗa mata suna Gwazata, ba tare da ya nemi izinin kowa ba.

Abincin yamma kuwa ba a sama mahaifinta yake ci ba. Baba Tavita mutumin babban ɗakin cin abinci ne, inda ake ba ka teburinka da wetanka mai kawo maka abinci, kullum lokaci ɗaya, kujera ɗaya, har jirgi ya dawo gida. Haka Mama take so, ita ce ma ta daɗe tana kwaɗayin wannan tafiya, Allah bai nufa ba. Tun da ta rasu, Baba ba ya kai loma baki sai Losa ta zauna, sun riƙe hannu sun yi addu'a, ta zuba masa ruwa. A gida haka, a teku ma haka.

Sai dai tsohon ya yi shirinsa a ɓoye. Ya sa an haɗa teburinsu da na matar faston cocinsu da ɗanta Uili, akanta mai agogon zinare. Uili ba mugu ba ne, kada a ɗauki alhakinsa. Amma daga miya har zuwa kek, labarin bashin gida da kuɗin ruwa ya yi ta ba su, uwarsa na gyaɗa kai kamar ana wa'azi. Losa ta ƙirga fitilun rufi ta sake ƙirgawa.

Washegari da yamma tana ɗaura ɗankunne saƙo ya shigo.

"Gwazata, yau kaguwa aka fito da ita a sama. Na tsare miki kujerar jikin taga. In ba ki zo ba zan cinye, sannan in yi kuka."

Ta karanta ta kuma karantawa. Da Baba ya ƙwanƙwasa ƙofar ɗakinta sanye da farar rigarsa, bakinta ya riga hankalinta.

"Baba, kaina ke juyawa. Ina jin tekun ce."

Ya ɗora tafinsa a goshinta. "Kwanta, 'yata. Zan ba su haƙuri."

Ta ji takunsa na nisa a hankali, don gwiwarsa ta hagu ba ta son doguwar tafiya. Zuciyarta ta sosu, amma ta lallashe ta. Ai ba shi kaɗai ba ne, ga matar fasto ga Uili. Da wannan ta hau sama.

Gaskiya a faɗe ta, ta ji daɗi. Ba mai jiran kowa, ba cokali uku a gefen faranti. Peni ya fasa mata kaguwa da hannu, ya ba ta labarin kakarsa da ta raine shi, wadda har gobe in ya yi laifi da silifa take jifansa, kuma ba ta taɓa kuskure ba.

"Babanki ya san kina nan?" ya tambaya.

"Ya sani," ta ce, ta kau da kai wajen ruwa.

Ta riga Baba komawa ɗaki, ta shige bargo. Can sai ga ƙwanƙwasa. Ya shigo da koriyar tuffa a naɗe cikin tsumman teburi.

"Ma'aikatan jirgi sun ce tana kwantar da tashin zuciya. Ci ko kaɗan ne."

Cikinta fal da kaguwa da kek, ta gatsa a gabansa. Yana fita ta tura sauran cikin durowa.

Ta yi alkawari ba za ta ƙara ba. Ta ƙara. Da rana garau take, ta rako shi kasuwar Noumea inda jirgi ya yada zango, ta riƙe masa hannu a tsani. Rana na yin sanyi sai jiri ya tashi.

"Wannan teku ta san agogo," Baba ya ce wata yamma, yana gyara kwalar rigarsa. Bai ƙara komai ba.

Kowace yamma da tuffarta. Durowar ta fara ƙamshi, har Losa ta daina buɗewa. A sama tana dariya da gaske, a ƙasa tana jin kunyar kallon madubi, kuma duka biyun ita ce.

Ranar da jirgi ya bar tashar Port Vila, saƙon Peni ya zo babu Gwazata a ciki.

"Na ga hotonku a allon masu hoto, da wani mai agogo ya dafa kujerarki. Da kin gaya mini akwai mai ke, da ban yi ta fasa kaguwa a banza ba."

Ta same shi a bakin wurin iyo. Garin wanke kanta ta zazzage komai: Uili zaɓin Baba ne ba nata ba, don gudunsa ma take cewa ba ta da lafiya.

Fuskar Peni ta saki, sannan ta sake ɗaurewa fiye da da.

"Tsaya. Ciwo kika ce masa kina yi? Ni kin ce ya sani."

"Peni, ai da mutane a teburin..."

"Haba Losa. Dattijo yana can ƙasa yana miki addu'ar samun sauƙi, ni ina nan ina cika miki faranti? Kakata ta ji wannan, ba silifa ba, tukunya za ta jefo." Ya sassauta murya. "Ina son ki, kin sani. Amma na daina tsare kujera."

Washegari da rana ta hau bufe ita kaɗai, ba don yunwa ba. Mai kwashe farantai ya tsaya a kanta yana murmushi. Ronilo ne, wetan teburinsu, wanda ke taya aiki a sama da rana.

"Madam ta warke! Baba zai ji daɗi. Ko ba komai yau zai ci da zafi."

"Da zafi kamar yaya? Ba tare da su Uili yake ci ba?"

"Ai sun daɗe da komawa zama na biyu, na masu ci can dare, teburin wasu masu 'yan mata." Ronilo ya goge teburin da ba shi da datti. "Shi kaɗai ne. Faranti biyu yake sa in kawo. Na ce in ɗauke kujerarki, ya ce a'a, 'yata na zuwa. Sai an fara share wuri don masu zuwa yake ɗan taɓawa."

Losa ba ta san lokacin da ta sauko ba. Ta buɗe durowar, ta zauna a ƙasa gaban tuffan da suka fara yanƙwanewa, ta yi kuka irin wanda ba ta yi ba ko a makabarta. Mutumin da bai taɓa cin abinci shi kaɗai ba tun da ya yi aure, ita ta zaunar da shi tsakiyar baƙi da faranti mai sanyi, saboda kaguwa da hira.

Yammar ta kwalliya ce, kowa ya ci ado. Ta sa rigar Mama mai furanni, ta sauka. Daga ƙofa ta hango shi a babban teburin, hannayensa a kan cinya, kujeru duk wayam.

Ta zauna. "Baba, ƙarya na yi maka. Ban taɓa jin jiri ba. Sama nake zuwa, wurin wani yaro."

Ya miƙo mata kofinsa. Ta zuba masa ruwan.

"Losa, tuffar nan da nake kawo miki, daga ina kike tsammani nake ɗauko ta?"

Ta ɗago kai.

"A nan ba sa ajiyewa. Sama aka ce in je. Tun yammar farko na gan ki a jikin taga, kin jefa kai baya kina dariya, sak uwarki." Ya ajiye kofin. "Na ɗauki tuffata na fita. Sai in zaga jirgi da wannan gwiwar, don in ba ki lokaci ki koma ki shiga bargo."

"Me ya sa ba ka yi magana ba, Baba?"

"In na yi magana dariyar za ta tsaya. Na ce bari in jira, ko za ki sauko da ƙafarki."

Ta kifa kai a kan hannunsa. Ya bar ta ta yi mai isarta, sannan ya gyara murya.

"Ke na yafe miki. Amma yaron ban yarda da shi ba. Namijin da zai ci abinci da 'yar mutane a ɓoye, ba na ba shi ko kaza."

"Bai sani ba, Baba. Da ya sani, shi ya kore ni."

Girar tsohon ta ɗaga. "To ya sauko."

Ta rubuta: "Mai silifa, na faɗa masa komai. Yana kiranka. Yanzu."

Amsa ta zo nan take: "Gwazata, na mutu. Ba ni da dogon wando ko ɗaya, a ƙofa za su mayar da ni."

Ta nuna wa Baba. Ya yi tsaki, ya ciro katin ɗakinsa. "Akwai baƙin zanen da mazanmu ke ɗaurawa zuwa coci da farar riga a rataye. Kai masa. In ya yaga min riga, maganar ta ƙare."

Haka Peni ya shigo babban ɗakin, zane ɗaure a ƙugu, maɓallan rigar na neman agaji. Bai tsaya a kan dattijo ba. Ya sunkuya ya rage tsawo, ya durƙusa gefen kujerar kafin ya buɗe baki.

"Baba, na ci abinci da 'yarka ba da saninka ba. Ka yafe mini."

"Da sanina. Kana fasa kaguwa kamar mai jin haushinta. Ɗan wane ƙauye ne kai a Samoa?"

Ya faɗa. Baba ya bi dangin ɗaya bayan ɗaya har ya tabbatar babu jini tsakaninsu, sannan ya miƙa hannu biyu, ɗaya ga kowannensu.

"Kai za ka yi addu'a. Ka gajarta, na gaji da abinci mai sanyi."

Kada a ce tsohon ya sallama a ranar. Bayan an dawo gida Logan, kowace Lahadi Peni ne mai hura wutar gashi a bayan gida, shi ne mai wanke tukwane, ba ya cin komai sai Baba ya wanke hannu. Sai da kakar ta zo da kanta, da tabarmi masu laushi na neman aure da jakar silifarta, aka zauna aka sa rana.

A zauren coci aka yi bikin. Dangi sun so a bi kowa da faranti, Baba ya ce bufe za a yi, tunda can aka samo angon. Da aka buɗe tukwane, amarya ta bar kujerarta ta tattare farar rigarta, ta ɗebo gwaza da kifi, ta kai gaban mahaifinta. Ta zauna kusa da shi, ta zuba masa ruwa, ba ta motsa ba sai da ya kai loma. Peni na tsaye a bayansu yana fifita masa abincin.

Baba ya laluba aljihun kwat ɗinsa, ya ajiye mata koriyar tuffa.

"Ko jirin zai tashi da yamma."

Ta yi dariya da hawaye. Ya haɗa hannunta da na Peni cikin nasa.

"Ubangiji ya albarkaci gidanku. Ya ba ku 'ya'ya masu cika teburi. Kada ɗayanku ya taɓa zama yana jiran ɗaya abinci na hucewa."

Zauren ya amsa da amin. Losa ta ɗauki tuffar, ta cinye ta tas a gabansa.