Igiyar Yasar Rijiya

A wani ƙauye kusa da Gangara akwai wata yarinya. Mahaifiyarta ta rasu a lokacin kaka, ta bar mata 'yar akuya fara. Yarinyar tana zaune da babanta Mamman da kakarta Dado.

Baba yana da doguwar igiyar kaba, sabuwa, mai tufka uku. Da ita ake zura shi idan zai yashe rijiya. Kullum yakan ce, "Kada wanda ya taɓa mini igiyar nan."

Wata rana 'yar akuyar ta tsinke ɗaurinta. Yarinyar ta ɗauki igiyar Baba ta ɗaure ta. Kafin ta dawo daga itace, akuyar ta tauna tufka ɗaya, ta fara cin ta biyu.

Ta kwance igiyar da sauri. Ta shafa laka a wurin, ta naɗe igiyar, ta rataye ta inda take. Ba wanda ya gani.

Bayan kwana uku Baba ya ce, "Ruwa ya ja baya, ga ayarin gishiri yana tafe. Gobe zan shiga rijiya."

Rijiyar gaba ashirin ce. Idan ka leƙa, ruwan kamar ƙwayar ido yake, can ƙasa cikin duhu.

Yarinyar ta kasa shan fura. Ta matsa kusa da Kaka.

"Kaka, ƙaramin laifi da ba wanda ya gani, shi ma zunubi ne?"

"Ke kuma me kika ɓarar yau, uwar ɗakina?"

"Ba komai. Tambaya ce. Dole sai an faɗa?"

Kaka ta ajiye mazarinta. "Wanda ya tsaya tsakaninki da Allah, ki roƙe shi gafara, ya isa. Wanda zai taɓa wani mutum, sai kin faɗa masa."

Yarinyar ta koma bayan rumbu, ta yi ta istigfari. A ranta ta ce, ai ɗan wuri ne, bai kai tafin hannu ba. Idan ta faɗa, wataƙila Baba ya sayar da akuyar da Inna ta bar mata. Ta je ta kwanta da maganar a cikinta.

Da hantsi mutane suka taru a bakin rijiya. Baba ya ɗaura igiyar a ƙugu. Maƙwabcinsu Audu ya riƙe ta da wasu maza uku.

"Mamman, ka ci tuwo da yawa," in ji Audu. "Yau sai mun ji a jikinmu!"

Aka yi dariya. Baba ya yi bisimilla, ya zura ƙafa. Kansa ya ɓace.

Igiya tana tafiya, tana kuka a kan itacen bakin rijiya. Yarinyar ta hango wurin lakar yana matsowa. Ta tuna ranar da aka fita da Inna, ba ta dawo ba.

"Ku tsaya!" Ta yi ihu. "Baba Audu, ku ja shi! Igiyar ta ciwu!"

Suka ja da sauri. Baba ya fito. Tana kuka ta faɗi komai, har lakar da ta shafa.

Audu ya kankare wurin. Maza biyu suka kama nan, biyu can, suka ja. Igiyar ta tsinke, fat!

Baba ya zauna a ƙasa. Sannan ya jawo ta jikinsa.

"Kin yi laifi da kika taɓa. Kin yi babba da kika ɓoye. Amma da bakinki Allah ya tsare ni."

"Za ka sayar da akuyar?"

"A'a. Amma ke za ki jiƙa kaba, mu tufka sabuwa tare."

Kwana huɗu suna tufka, har hannunta ya yi kanta. Baba ya yashe rijiyar lafiya, ayari ya sha ruwa.

Yara, laifin da zai cuci wani ba ƙarami ba ne, ko da ba wanda ya gani. Ku roƙi Allah gafara, ku kuma faɗa da wuri.