Kwanon da Ya Ƙi Zama

Hajiya Habibatu da jikarta Afnan su kaɗai ne a gidansu da ke garin Lanham, can ƙasar waje. Mijin Hajiya ya rasu, idonta kuma ya fara dushewa. Abin da mijin ya bar mata kwanon tangaran ne na zamanin sarakunan Sin na ƙarshe, mai zanen kogi da masunci cikin hazo, a kan mazaunin katako. Kullum da la'asar takan shafa shi a hankali, Afnan tana gaya mata inda jirgin masuncin ya kai yau.

Ranar Talata ta taɓa shi, sai ya yi rawa.

"Wannan ba nawa ba ne," ta ce.

Sajan Juwairiyya, 'yar sanda kuma 'yar ƙawar Hajiya, ta zo da aka kira ta, ta durƙusa ta gaishe ta, sannan ta ɗaga kwanon. Zanen iri ɗaya ne, amma gindinsa bai cika ramin katakon ba.

Ta fara tambaya daga kan Bartholomew, dillalin kayan tarihi da ya taɓa duba kwanon Hajiya.

"Kowane mazauni kwano ɗaya aka sassaƙa wa," ya ce. "Ni da kaina na auna gindin nan."

Olive mai aikin gida ta ce, "Duk wata nake wanke shi. Ko a barci na san gindinsa."

Saura Khalil, ɗan ƙanin marigayi.

"Ka taɓa ɗaga shi?" Juwairiyya ta tambaye shi.

"Haba Yaya! Ni da kayan ɗakin Hajiya? Hoto kawai na yi ta ɗauka ranar Sallah."

"Ta kowane gefe?"

"E mana."

Juwairiyya ta rufe littafinta. "Na jabun nan daga hoto aka yi shi. A hoto kuwa gindin yana nutse cikin katako, ba a ganinsa. Da waɗancan biyun ne, da sun ba da awo daidai. Kai kaɗai ne kunya ta hana ɗaga shi a gaban mutane."

Khalil ya sunkuyar da kai. A but ɗin motarsa aka samo kwanon na asali, nannaɗe cikin bargo.

Hajiya ta lalubi ramin ta ɗora shi. Ya zauna daram. Ta daɗe hannunta yana kan kogin.

Afnan ta fahimci cewa Baffa Khalil ya zaɓi Hajiya ne don yana zaton tunda ba ta gani sosai, ba za ta sani ba.