Ƙwaron da Ya Fito daga Turmin Inna

Na'urar Tantance ta kunna shuɗiyar fitilarta, ta fara juya ƙwaron a hankali cikin ƙoƙon gilashi. Siraran hannayenta suka miƙar da ƙahonnin nan biyu da suka fi jikinsa tsawo, ta bi gaɓoɓinsu ɗaya bayan ɗaya. Ta leƙa ƙayar da ke gefen wuyansa, ta duba yadda idonsa ya lanƙwashe ya zagaye gindin ƙaho, ta auna ratsin ruwan ɗorawa da ke bayansa. Da irin waɗannan alamomi ake raba jinsin ƙwari masu dogon ƙaho, dangin nan da tsutsarsu ke rayuwa cikin itace. Kullum kafin mutum ya kurɓi shayi ta gama, amma yau ta tsaya tana ta nazari.

Dakta Lantana Gwadabe, wadda ta ƙera na'urar, ba ta damu ba da farko. Mahaifiyarta ce ta ba ta ƙwaron da safe, a ƙulle a gefen mayafi, tana cewa, "Ke da kika ƙarar da ƙuruciyarki a kan ƙwari, gaya mini sunan wannan a boko." Ita kuwa da isarta ofis ta jefa shi ciki da wasa. Sai da jar fitila ta kama sannan ta farga. Ita da hannunta ta tsara cewa duk ƙwaron itacen da Tantance ta gani, nan take rahoto ya wuce Hukumar Tsabtar Birni. Ga ilimi har ilimi, ga mantuwa irin ta yara.

A Tudun Haske ba a ajiye itace na gaske. Tun shekarar da ƙwari suka cinye gandun da aka dasa don tare hamada, aka sare abin da ya rage, aka kakkafa bishiyoyin ƙarfe masu tace iska, aka rufe birnin da rumfar gilashi. Duk katakon da aka samu da ƙwaro, wuta ce makomarsa. Lantana kuwa ta san sarai inda wannan ya fito.

Turmin Inna ne, na kirya, wanda marigayi Baba ya sassaƙa gab da a tashe su daga ƙauyensu, Gangaren Maje. Inna ta shigo da shi birni a naɗe cikin katifa, tana rantse wa masu bincike cewa tsummokara ne. Yanzu ba ta daka komai a ciki, don injin bango ke ba su gari. Kifa shi take yi ta zauna, tana shafa shatin gizagon Baba a gindinsa. Shi kaɗai ya rage mata daga gida. Lantana ta tuna luguden mata da hantsi, da ƙamshin gero mai ɗumi, da yadda su yara suke kama irin wannan ƙwaro su kara a kunne don su ji kukansa, ƙii-ƙii, kamar sabon takalmi. Kewa ta kama ta, tare da kunyar abin da ta jawo.

Kafin jirgin ƙasa mai bi ta saman gine-gine ya sauke ta a unguwarsu, ma'aikatan hukumar sun riga ta. Ta tarar da Inna zaune daram a kan turmin, ta ƙi motsi, shugabansu Injiniya Tukur yana durƙushe yana lallashi.

"Ke kika turo su?" in ji Inna.

"Kuskure na yi, Inna. Ki yafe mini."

"To, su haɗa da ni su ƙona."

"Hajiya, wallahi ba ƙonawa za mu yi ba," in ji Tukur. Ya miƙa wa Lantana allon hannunsa. "Dakta, duba abin da na'urarki ta fitar."

Ta karanta. Sunan Latin ne, dogo kamar ƙahon mai shi, a ƙarƙashinsa kuma an rubuta cewa jinsin ya ƙare a duniya. Ba ya cikin waɗanda suka cinye gandu. Bai taɓa cin komai ba sai mataccen itacen kirya, feshin maganin da aka yi wa ƙwarin da suka cinye gandun ne ya haɗa da shi. Tsutsarsa kan yi shekaru tana barci a busasshen itace. Da suka haska turmin, sai ga wasu da rai a ciki, suna motsi.

Doka ta ce abin da ya rage shi kaɗai a duniya na kowa ne. Don haka turmin da aka zo ƙonawa aka ɗauke shi da safar hannu, kamar jariri, aka kai shi Gidan Adana Halittu. Aka sa shi cikin akwatin gilashi mai ɗumi da raɓa, don tsutsotsin su farka sosai su ci su girma. Jaridu suka yi ta yabon Tantance, har aka ba Lantana lambar girma. Ba ta iya kai ta gida ba.

Ranar Juma'a ta raka Inna ganinsa. Ɗalibai sun yi layi suna ɗaukar hoto. Garin itace ya fara taruwa a gindin turmin, lallausa kamar garin tuwo, kuma huda ta riga ta ratsa shatin gizagon Baba. Inna ta daɗe tana kallo, hannunta a kan gilashin.

"Cinye shi za su yi?"

"Eh, Inna."

"Duka?"

"Duka. A hankali dai."

Inna ta gyaɗa kai. Babu faɗa a muryarta, tambaya ce kawai irin ta wadda ta saba ciyar da gida.

"To Allah ya sa ya ishe su. In sun gama da shi, me kuka tanadar musu?"

Lantana ta dubi garin itacen da ke gindin turmin. Ta san amsar fiye da kowa a ɗakin, domin ofishinsu ne ya tabbatar da sare kirya ta ƙarshe.