Laftof Mai Tafiyar Hawainiya

Da gudu Auta ta faɗo shagon gyaran kwamfuta, laftof rungume a ƙirji kamar jariri marar lafiya. Saura awa biyu ta nuna wa masu wata makaranta zanen ginin da ta shafe wata uku tana yi, ga shi kwamfutar ta ƙi buɗe fayil ɗin. Fankar laftof ɗin sai huci take yi.

"Don Allah wane ne mai gyara a nan?"

Wani saurayi ya miƙe daga bayan teburi, sukudireba a hannu. Dogo kowa ke ce masa a layin masu gyara, kuma sunan bai yi ƙarya ba.

"Ni ne. Zauna ki yi numfashi tukuna, kada mu yi jinyar mutum biyu."

Ya kunna laftof ɗin, suka jira, suka ƙara jira. Da ta buɗe sai ya kwashe da dariya.

"Wa ya yi miki wannan aika-aika? Antibayiros har uku a kwamfuta ɗaya!"

"Abokin yayana ne. Wai don tsaro ya yi ƙarfi."

"Masu gadi uku a ƙofa ɗaya, kowa na cajin ɗan'uwansa, ai mai gidan ma ba zai shiga ba. Duba nan, sun cinye ram ɗin kaf, wato ƙwaƙwalwar aikinta, manhajar zanenki ba ta samu wurin miƙe ƙafa ba."

Ya goge su duka, ya nuna mata wasu marasa nauyi.

"Ke za ki zaɓa. Ki nemi wadda ba ta da ci, wadda ke bincikenta lokacin da ba kya aiki, ba ta kuma cika ki da talla. Daga shafin masu ita za mu sauke, ba tsintacciya ba."

Ta nuna ɗaya. Wayarta ta yi ƙara, ta fita amsawa, kafin ta dawo ya gama. Ta danna fayil ɗin, kafin ƙiftawar ido gini ya bayyana da ajujuwansa da barandarsa. Ba ta san lokacin da ta yi tsalle ba.

"Wayyo Allah! Kai ai likita ne!"

Da yamma ta tura masa saƙo a lambar da ke jikin rasit: "Sun karɓa! Likita, sun karɓi zanena!"

Amsa ta zo nan take: "Barka, 'Yar Gaggawa! Laftof ta warke, amma likitan ya kamu. Ko za a dawo a duba shi?"

Ta karanta ya fi sau goma, tana rufe fuska da filo.

Daga nan dalilan zuwa shago suka yi ta haihuwa. Yau maɓalli ya saki, gobe batir ba ya riƙe caji. Ranar da ta kawo caja lafiyarta ƙalau, Dogo ya juya ta ya sake juyawa.

"Wannan ciwon nata sai an kwantar da ita. Mai jinya kuma dole ta riƙa zuwa kullum."

"Kai dai ba ka da dama," in ji Auta tana dariya.

Amma da maganar soyayyarsu ta isa gida, Baba, tsohon shugaban makaranta, ya ajiye jaridarsa.

"Ke da digiri a zanen gine-gine, ki ƙare a shagon sukudireba? Ga Manaja, abokin yayanki, mun san shi mun san gidansu."

Manajan kuwa tun da ya ji an goge manhajojinsa yake cika yana batsewa. Wata Asabar ya zo gaisuwa, ya roƙi laftof ɗin wai zai duba wani abu. Can sai ya juyo da ita wajen Baba.

"Kun gani? Imel ɗin yaron nan ne a cikin antibayiros ɗin. Duk mako rahoto na tafiya wurinsa. Leƙen asirinta yake yi."

Auta ta duba. Sunan Dogo ne ɓaro-ɓaro. Ta tuna hotunanta da wasiƙunta da duk zanenta. Ta ɗauki waya ta rubuta masa: "Ashe leƙe kake yi mini ta cikin laftof? Na ga imel ɗinka. Kada ka sake kirana."

Ya kira har ya gaji, ba ta ɗauka ba. Haka aka kwashe kwana uku.

Ran na huɗu da hantsi aka yi sallama. Ta bayan labule ta hango Dogo durƙushe gaban Baba.

"Baba, laifina ne. Ranar tana sauri, manhajar ta nemi imel, na sa nawa da niyyar in canza, na manta. Ga wayata, ga duk abin da ya taɓa zuwa mini."

Baba ya sa tabarau, ya bi saƙonnin ɗaya bayan ɗaya kamar mai duba jarrabawa. Kowanne layi ɗaya ne: an bincika, babu bayiros. Ba hoto, ba fayil.

"To ai ba komai a ciki."

"Ko da ba komai, Baba, kayanta ne. Ban kyauta ba da ban faɗa mata ba."

Aka kawo laftof ɗin, Dogo ya cire imel ɗinsa ya sa nata a gaban kowa. Baba ya cire tabarau ya dube shi.

"Shekara talatin ina shugabantar makaranta, da wuya ka ga wanda ya kawo kansa ofis ya ce shi ya fasa taga. Tashi ka zauna a kujera. Ka ce wa iyayenka ina son ganinsu."

Auta ta ruga ɗaki, ta faɗa kan gado tana dariya da hawaye. Can ta fito ta sami Dogo a falo.

"Likitana, ka yafe mini. Na yanke hukunci ban ji ta bakinka ba."

"Ni ne mai neman yafiya, Zumata. Amma ki taimaka da ruwa, Baba ya ɗauko tasa laftof ɗin. Antibayiros guda biyu Manaja ya zuba masa."

Bayan wata huɗu gida ya cika maƙil da 'yan'uwa. Auta na zaune a ɗakin Mama, ƙawaye sun kewaye ta, sai wayarta ta yi motsi.

"An ɗaura, matata! Baba ya riƙe hannuna ya ƙi saki, yana ta addu'a, ni kuma gwiwoyina rawa suke yi. In kin ji ƙara, mijinki ne ya faɗi."

Ta ƙyalƙyale da dariya har kwalliyarta ta nemi ɓaci. Mama ta jawo ta jikinta, ta share mata ido da gefen mayafi.

"Yi dariyarki, Autata. Allah Ya sa haka za ku tsufa kuna yi, Ya ba ku zaman lafiya da zuri'a mai albarka."

Ɗakin gaba ɗaya ya amsa da amin.